Jan Ƙyalle a Gidan Wanki

Ni dai ban taɓa cewa ba ni da zuciya ba. Ina da ita, kuma a kusa take. Garwashi suke kirana a wurin aiki, ban taɓa kai ƙarar kowa a kan sunan ba. Amma a ce wata ta taso daga inda ta taso, ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaura min ƙyalle a hannu kamar akuyar da za a kai kasuwa, ta ce wai hankalina bai gama nuna ba? Wannan kam ko ƙasa ta rufe min ido ba zan haɗiye shi ba.

Gidan wanki nake aiki, babba, irin wanda ke wanke wa otal-otal da asibitoci kaya. Zannuwan gado, tawul, rigunan matashi, labule. Da safe motoci su sauke su cikin buhuna, mu ware, a zuba a manyan injuna, a busar, a kai wurin guga, a ninke, a mayar. Tururi ko'ina, ƙasa kullum a jiƙe, injuna na ruri. In ba ka ɗaga murya ba, ko wanda ke gefenka ba zai ji ka ba. Ka ga ashe ihun da ake cewa ina yi ma, rabinsa na aiki ne.

Shugaban sashenmu ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Kujerarsa ta zama ba kowa, kuma ni ina son kujerar nan, ba zan ɓoye wa kowa ba. Daga ware kayan datti na fara, da safar hannu da tsumma a hanci, babu lungun da ban yi gumi a cikinsa ba. Na san abin da zan gyara: masu guga su riƙa fita shan iska, a gyara fankar da ta mutu tun bara, a daina barin sababbin yara su ɗauki jarkar bilic, ruwan wankin nan mai cin fata, da hannu tsirara. Mu biyu ake dubawa, ni da Ba-Komai.

Ba-Komai shi ke kula da injunan busarwa. Sunan nan ba zalunci aka yi masa ba. Injin ya tsaya, ba komai. Direba ya zubar da wankakkun kaya a taɓo, ba komai. An taɓa ɗauke masa takalmi a ƙofa, ya tafi gida da silifan banɗaki, aka yi masa jaje, ya ce ba komai. Ban tsane shi ba, don babu abin kamawa a jikinsa da za ka tsana.

Da Manaja zai zaɓa da idonsa, da an gama tuni. Amma Manajan namu ya je wani taro ya dawo da sabuwar hikima, wai yanzu ba a naɗa shugaba da ka, sai an auna halinsa. Shi ne ya ɗauko mana wata Masaniya. Ta zo da takalmi mai tsini tana takawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar mai tsallake ƙwai, ga turare, ga murya can ƙasa-ƙasa, in za ta yi maka magana sai ta karkatar da kai kamar mai duba mara lafiya.

A ɗakin cin abinci ta tara mu, tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayoyi.

"In kin shiga ɗaki cike da baƙi, me kike fara yi?"

"Sallama," na ce.

Ta yi murmushi. "In an ɓata miki rai, kina faɗa nan take, ko kina kwana da abin?"

"In kwana da shi? Mijina ne?"

Ta rubuta wani abu. Daga baya ta yi mana bayani cewa mutanen duniya kashi huɗu ne. Akwai jajaye, masu zafin kai da son gaba. Akwai shuɗɗa, masu natsuwa da dogon tunani. Akwai koraye, masu son a zauna lafiya. Akwai masu ruwan ɗorawa, 'yan raha da surutu. Ta rantse mana babu launin da ya fi wani. To, duk wanda ya ce maka babu launin da ya fi wani, ka duba wanda ya zaɓar wa kansa. Shuɗi ne a hannunta.

Sai ta buɗe jaka ta fito da ƙyallaye, kowa a ɗaura masa nasa a damtse, wai don mu fahimci juna. Ni ja. Ba-Komai shuɗi.

"Baiwar Allah," na ce mata, "a ɗakin fararen kaya za ki raba jan ƙyalle? Guda ɗaya ya faɗa injin, gobe otal ya shimfiɗa wa baƙinsa zanin gado kalar cingam."

Ta karkatar da kai, ta dubi sauran mutane. "Kun gani? Haka ja yake. Bai gama ji ba ya fara gardama."

Aka yi dariya. Ta ce kafin mako ya ƙare za ta auna abin da ta kira cikar hankali a tsakanina da Ba-Komai, wato wa ya fi iya riƙe ransa in an tsokane shi, don shi ne ma'aunin shugaba. Ranar Litinin mai zuwa a faɗi wanda ya samu.

Da na koma gida na ba Baban yara labari, sai da ya ajiye cokali don dariya.

"Har sai da aka ɗauko mutum daga waje kafin a gano ke ja ce? Ai da sun aiko an tambaye ni."

"Ka ci gaba. Za ka ga ja yanzu."

Amma ya taimake ni, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya ce tunda tsokana za a yi, gara in saba tun daga gida. Ya ɗauko maƙalin shanya daga igiya ya ce in sa a aljihun rigar aiki, duk lokacin da na ji abin ya taso min, in maƙale yatsana da shi, in ja numfashi, in bar maganar ta huce a baki. Sannan ya shiga aikinsa na tsokana. Miyar ba gishiri. Ɗan kwalin nan ya tsufar da ni. Ashe ƙanwarsa ta fi ni iya girki. Ina zaune yatsa a maƙale ina cewa, "Na gode da gyara, maigida." Yara suna birgima a ƙasa. Ya ce a duk zaman aurenmu bai taɓa jin daɗin mako irin wannan ba.

A wurin aiki ma na zama wata daban. Direba ya makara, na ce Allah ya kiyaye gaba. Wata yarinya ta haɗa tawul ɗin asibiti da na otal, na ce a sake warewa, har da don Allah. Yatsana ya yi shati, ya kumbura, amma bakina bai motsa ba. Inna ce kaɗai ta dube ni ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Inna ita ce babbar mai guga. Ita ta koya min ninke zanin gado lokacin da na zo ban san hagu da dama ba. Hannuwanta duk tabon tururi ne, bayanta ya ɗan duƙa, idonta ya fara rauni amma ba ta yarda a faɗa. Ba ta da surutu, ba ta da abin alfahari sai guda ɗaya: tunda ta kama dutsen guga a gidan nan ba ta taɓa ƙona ko hankici ba. Sababbin yara da wannan labarin ake tarbarsu. Kore Masaniya ta ɗaura mata, Inna ta duba ta ce, "To, madalla," ta koma kan aikinta.

Ranar Alhamis da hantsi Manaja ya aiko a kira ni da Ba-Komai zuwa ɗakin karɓar kaya, wanda ƙofarsa ke buɗewa cikin filin aiki. Muna shiga na ga wani mutum cikin kwat, ya ce daga otal yake, hannunsa riƙe da farin zanin gado. A tsakiyar zanin ga shatin dutsen guga, ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Masaniya na zaune a kusurwa da littafinta a cinya. Manaja ya jingina da bango yana kallon takalminsa.

Mutumin ya fara da ni. "Ke ce kike kula da nan? Ai da ganinki an san kayan da za su fito daga hannunki. Ƙazamai kawai. Wa ya ɗauki irinku aiki?"

Na sa hannu a aljihu, na maƙale yatsa. "Ka yi haƙuri, yallaɓai. Za mu bincika."

"Za ku bincika! Kin iya karatu ma kuwa?"

"Daidai gwargwado, yallaɓai."

Wallahi ni kaina na yi mamakin kaina. Ya juya kan Ba-Komai ya zazzaga masa nasa kason. Ba-Komai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, yallaɓai."

"Ba komai? An ƙona min kaya ka ce ba komai? Wa ya goge wannan? A kira min shi yanzu!"

Na zaci Manaja zai ce a'a, ba a haka a nan. Sai na ji ya ce wa mai gadi, "Kira Inna."

Ta shigo tana share hannu a jikin rigar aiki, tana gaishe da kowa. Ba ta gama gaisuwar ba ya wurga mata zanin a fuska.

"Tsohuwa, in idonki ya mutu ki koma gida ki yi renon jikoki! Dubi ɓarnar da kika yi!"

Inna ta cire zanin daga kanta a hankali. Ta kawo wurin ƙunar daf da idonta, ta shafa shi da yatsa. Ba ta yi musu ba, ba ta rantse ba. Da wata 'yar murya da ban taɓa jin ta da ita ba ta ce, "Ni na yi wannan?"

Na dubi Masaniya. Ba Inna take kallo ba, ba mutumin take kallo ba. Ni da Ba-Komai take kallo, alƙalami a sama, kai a karkace. Nan take na gane wannan shi ne gwajin. Kuma na gane Inna ba ta sani ba.

Maƙalin ya karye a aljihuna.

Ba zan iya maimaita duk abin da na faɗa wa mutumin nan ba, wasu ma ba sa maimaituwa. Na tambaye shi ko daga sama ya faɗo, ko ba shi da uwa. Na ce masa kwat ɗin da yake taƙama da shi, wata tsohuwa ce irin wannan ta goge masa. Yana ja da baya ina bin sa har ya yi tuntuɓe da sikelin awon kaya. Muryata ta haye ƙarar injuna, mutane suka bar aiki suka cika ƙofa, masu wanki, masu ninki, direbobi, har mai shara.

"Ko ta ƙona, sai me?" na ce da ƙarfi. "Ko zani ɗari ta ƙona, kai ne za ka jefe ta a fuska? Mara mutunci!"

Ya manne da bango yana raɗa min, "Baiwar Allah, ni ma aiki aka sa ni." Manaja ya shiga tsakani, ya kori mutane, ya ce Inna ta je ta huta. Ta fita da zanin a hannunta, ba wanda ya tuna ya karɓa.

A ofis Masaniya ta yi mana bayani cikin muryar nan tata mai sanyi. Mutumin ɗan wasan kwaikwayo ne. Zanin ita ta ƙona shi da hannunta a masaukinta. An shirya komai ne don a ga yadda kowannenmu zai yi in wuta ta tashi.

"Ita Inna fa?" na ce. "An gaya mata?"

"Da an gaya mata, da fuskarta ba ta nuna gaskiya ba. Sai gwajin ya lalace."

"Sai gwajin ya lalace," na maimaita.

Ta ce Ba-Komai ya nuna cikar hankali irin wadda ba ta cika gani ba, ko gezau bai yi ba. Ni kuma na fara da kyau, amma launina ya rinjaye ni. Sai dai ba a rufe magana ba tukuna, saura ma'auni guda: shugaba mai riƙe sirri ne. Kada ɗayanmu ya faɗa wa kowa cewa shiri ne, don za a yi irinsa a wani reshen kamfanin, in labari ya fita ya tashi a banza.

Da muka fito Manaja ya ja ni gefe.

"Garwashi, ki saurare ni. Ni ke nake so a kujerar nan, don ke ce mai fitar da aiki. Zan iya cewa abin yau kishin ma'aikata ne. Amma ki rufa min asiri, ki rufa wa kanki, ki kama bakinki zuwa Litinin."

"Inna fa, yallaɓai?"

"Inna babba ce, za ta manta. Ba wanda zai hukunta ta."

Washegari Inna ta zo da wuri kamar kullum, amma ba ita ba ce. Ta rage zafin dutsen har ba ya kwantar da komai. Kowane zani sai ta goge, ta ɗaga shi wajen haske, ta juya, ta sake dubawa. Kaya suka taru a gefenta har suka kai kafaɗa. 'Yan matan ninki suna ƙus-ƙus, na ji wata na cewa ai dama an daɗe ana rufa mata asiri. Na juya kawai na dube ta, ta nemi wurin ɓuya.

Na je wurin Inna na ɗauki zani zan taya ta.

"Ajiye," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Inna, taya ki zan yi."

"Kin taya ni jiya, ya isa. Da kin yi shiru, da mu nawa ne a ɗakin? Da na sha zagina na fito, ba wanda ya ji. Ke kika tara min gari. Ke kika ce ko ɗari na ƙona."

Don ita na yi, kuma gaskiya ta faɗa.

"Na kwana ina duba zanin nan," ta ce. "Ban tuna shi ba. Abin da ya fi tayar min da hankali kenan. In har na kai ga ƙona kayan mutane ban sani ba, to lokaci ya yi. Gobe zan kwashe 'yan kayana."

Na duba hagu da dama, na sunkuya daf da kunnenta. "Inna, ba ke kika ƙona ba. Shiri ne. Matar nan ce ta ƙona shi don ta gwada mu."

Sai a lokacin ta dube ni. "Kada ki lallashe ni kamar yarinya. Manaja da bakinsa ya ce a kira ni. Manaja zai tsaya a yi min ƙarya a gabansa? Je ki, Garwashi, na gode."

Ka ji fa. Ta fi yarda idonta ya mutu da ta yarda mutanen da ta yi wa bauta tun ƙuruciya za su yi mata haka.

Na tafi neman Ba-Komai, na same shi a bayan injunan busarwa zaune a kan buhun tawul. Na zo da niyyar in wanke shi tas. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Sannu, mai cikar hankali," na ce. "An jefi uwarmu a fuska kana tsaye kamar turke."

"Ba haƙuri ba ne," ya ce, yana kallon ƙasa. "Kowa haka yake zato. Tun ina yaro, in aka ɗaga murya a kusa da ni sai harshena ya mutu, ƙafafuna su ƙi motsi. Jiya na so in yi magana. Wallahi na so. Ban runtsa ba."

"To tashi mu je mu faɗa tare, a gaban kowa."

"Ba zan iya ba."

"Amma za ka iya shugabanci?"

"Ba ni na ce zan iya ba. Ita ta ce."

Na rasa ta inda zan kama shi. Tsoro ne ya daskarar da bawan Allah, aka auna aka ce natsuwa ce, aka ba shi maki.

A gida Baban yara bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce in yi tunani. Kwana biyu ne kawai. In na hau kujerar, sai in tara mutane in wanke Inna, in gyara fankar, in yi duk abin da na daɗe ina faɗa. In na yi magana yanzu, na rasa kujerar, kuma ba ni da ikon gyara komai.

"Maganarka gaskiya ce," na ce masa. "Amma Inna ba za ta kai Litinin ba. In ta fita da wannan a ranta, ko da mota aka je ɗaukar ta ba za ta dawo ba. Na san ta."

"To me za ki yi?"

"Ban sani ba. Ka ci abincinka."

Asabar rabin yini muke yi. Inna ta zo da jakar leda. Ina kallon ta daga nesa tana saka kofinta, da silifanta, da ɗan tsumman da take naɗe hannun dutsen guga da shi. Manaja da Masaniya suna cikin ofis, ana ganin su ta gilashi suna shan shayi.

Na sa hannu a aljihu, babu maƙali. Na ja numfashi yadda Baban yara ya koya min, na bar maganar ta huce a bakina har ta yi sanyi. Sannan na taka, ba gudu ba sauri, na je wurin babban makunnin wuta na sauke shi. Injuna suka yi gurnani suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba, har ɗigar ruwa ana ji. Kowa ya juyo. Manaja ya fito da gudu, Masaniya na biye da shi a kan tsininta.

"Ku yi haƙuri na tsayar muku da aiki," na ce, kuma wallahi muryata ba ta fi ta mai gaisuwa ba. "Ranar Alhamis ni na tara ku da ihuna, kuka ji an ce Inna ta ƙona zani. To ku ji sauran. Inna ba ta ƙona komai ba. Mutumin nan ba daga otal yake ba, hayarsa aka yi. Wannan baiwar Allah ce ta ƙona zanin da hannunta don ta ga wa zai yi fushi tsakanina da Ba-Komai. Ba a gaya wa Inna ba, don ana so fuskarta ta nuna gaskiya."

Na juya wajen Manaja.

"Yallaɓai, ƙarya na yi?"

Ya dubi Masaniya. Ita kuwa ta buɗe littafinta tana rubutu. Inna na tsaye da ledarta tana kallon Manaja, tana jiran ya ce wani abu, shi kuma ya koma kallon takalminsa. Na ga fuskarta, har yanzu ba ta yarda ba.

Ba-Komai na tsaye daf da ita, ya riƙe bakin teburin guga da hannu biyu. Leɓɓansa suka motsa. Muryar ta yi ƙasa sosai, Manaja bai ji ba, Masaniya ba ta ji ba, ni ma da ido na karanta. Amma Inna ta ji.

"Ba ƙarya ta yi ba, Inna."

Inna ta dube shi. Sannan ta ajiye ledar a ƙasa.

Na kwance jan ƙyallen daga damtsena na jefa a kwandon tsummoki, na je na mayar da wuta, na koma kan aikina.

Ranar Litinin aka tara mu a ɗakin cin abinci. Ba-Komai ne shugaba. Masaniya ta ce sakamakon ya tabbatar da abin da bincike ya daɗe yana nunawa, cewa ja yana da kishi da kuzari amma ba ya iya riƙe kansa. Ba ya iya riƙe kansa! Rana ɗaya tak a rayuwata da na faɗi abin da ke raina ban ɗaga murya ba, na tsara ta, na auna ta, na san abin da za ta ci min, ita ce aka rubuta a matsayin shaidar ban da cikakken hankali. Ta rufe jakarta, ta yi mana fatan alheri, ta wuce ɗaya reshen. Can ma akwai tsohuwa mai guga. Inna kuwa har yau ba wanda ya ce mata yi haƙuri, ba Manaja ba, ba kowa ba. Fankar ma tana nan a mace, in an yi wa sabon shugaba magana ka san abin da yake cewa.

Da aka watse na wuce ta wurin guga. Inna na kan aikinta, dutsen ya koma zafinsa na da, tana jan zani tana wucewa ba ta ɗaga ko ɗaya wajen haske ba. Ba ta ce min sannu ba, ba ta ce na gode ba. Ta dai sa hannu a aljihu ta miƙo min wani abu. Jan ƙyallena ne. Ta tsamo shi daga kwandon, ta wanke, ta sa masa sitaci, ta goge shi har gefensa na iya yanka.

"Ɗaura abinki," ta ce. "Kuma ki kula kada ya faɗa injin."

Na ɗaura. Yana damtsena har yanzu, kuma raina bai huce ba.